Tambaya da Amsa: Komawa Motsa Jiki Bayan Dashen Faifan Ƙashin Baya

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 41, kuma makonni biyar ke nan da aka yi mini tiyata a ƙugu, aka cire faifan da ya lalace tsakanin ƙasusuwan bayana, aka dasa na ƙarfe. Ciwon da ya hana ni barci shekara biyu ya tafi. Shin zan iya komawa sassarfa da ɗaga ƙarfe kamar da?

Amsa: Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Na ji daɗin labarinka ƙwarai, amma ina roƙonka ka ɗan saurara, domin ciwo yakan riga ƙashi warkewa.

Faifan da aka dasa maka farantai biyu ne na ƙarfe, galibi da roba mai tauri a tsakaninsu, kuma an yi bayansu da kaushi domin ƙashinka ya tsiro ya kama su. Wannan kamu yakan ɗauki makonni 6 zuwa 12, kai kuwa ko farkon wa'adin ba ka kai ba. Amfanin wannan aiki, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irinsa na farko na ƙugu a 2004, shi ne gaɓar ta ci gaba da motsi maimakon a haɗe ƙasusuwan biyu su zama ɗaya, kuma wannan amfani ne gaggawa take iya ɓatawa idan faifan ya goce daga mazauninsa.

A yanzu tattaki ne maganinka, a fili mai laushi, kana ƙara mintuna kaɗan duk bayan kwana biyu. Ka guji sunkuyawa da murɗa jiki, musamman gantsarewa ta baya, tun da ta ciki ake shiga a irin wannan tiyata kuma gaban gaɓar bai gama ƙarfi ba. Kada ka ɗauki abin da ya wuce kilo 5. Idan mabuɗi ya faɗi ƙasa, ka lanƙwasa gwiwoyi ka sauka da bayanka a miƙe, hannu ɗaya yana dafe da tebur.

Bayan mako na shida, likitan gashin ƙashi zai koya maka ƙarfafa tsokar ciki da ta baya, sannan keken motsa jiki da iyo idan ɗinkin ya warke sarai. Sassarfa da ɗaga ƙarfe kuwa yawanci sai bayan wata uku, idan likitan da ya yi maka aikin ya duba hoton ƙashi ya ba da izini, kuma maganarsa ce gaba da tawa. Idan kana shan taba, ka daina, domin tana jinkirta haɗuwar ƙashi.

Zazzaɓi, ko mugunya a wurin ɗinki, ko kumburin sharaɓa, duk suna bukatar ganin likita a ranar. Idan kuwa ƙarfin ƙafarka ya fara raguwa, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ka kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ka tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.