Tambaya da Amsa: Yaushe mata suka fara cin abinci da kwallon kwando?

Tambaya: Salam. Dan Allah ni kwanan nan na fara jin labarin WNBA, gasar kwallon kwando ta mata a Amurka, saboda wannan yarinyar Caitlin Clark. Sabon abu ne mata su buga kwallon kwando a biya su, ko dama can akwai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wasan kam ba sabo ba ne, kudin ne suka makara.

James Naismith ya kirkiro kwallon kwando a 1891 a Amurka, shekara daya kacal bayan haka wata malama Senda Berenson ta fara koya wa dalibanta mata a kwalejin Smith. Sai dai fa ta sassauta dokokin, ta raba filin gida uku kowa ta tsaya a bangarenta, ba a fizge kwallo daga hannun wata, wai kar mata su jigata. Sai a 1971 aka amince matan Amurka su buga biyar-biyar a cikakken fili kamar maza. A 1972 aka yi dokar Title IX da ta hana makarantun da ke karbar kudin gwamnati nuna bambanci tsakanin maza da mata, kuma a ganina duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali, don a jami'o'i ake kyankyashe 'yan wasan. Olamfik kuma sai a 1976 a Montreal, Tarayyar Soviet ta dauki zinare.

Gasar kwararrun mata ta farko a Amurka, WBL, an fara ta 1978, kaka uku ta rushe. Wata gasar, ABL, ta zo 1996, ta tsiyace a karshen 1998. WNBA da ta fara a watan Yunin 1997 da kulob takwas ita ce ta rayu, kuma ba wani sirri ba ne, NBA, gasar maza, ce ta tsaya mata da kudi da filaye, sannan aka sa ta lokacin bazara da maza ke hutu. Houston Comets suka cinye kofi hudu na farko a jere, su Cynthia Cooper da Sheryl Swoopes, amma duk da haka kulob din ya rufe a 2008, to kin ga yadda abin yake.

A shekarun baya albashin ne bai taka kara ya karya ba, shi ya sa da an gama kaka sai taurarin su kwashi kaya su tafi Rasha ko Turkiyya ko Chaina neman na kai. Diana Taurasi a 2015 ko wasa daya ba ta buga a WNBA ba, don kulob dinta na Yekaterinburg a Rasha ya biya ta ta zauna ta huta, can tana karbar kusan dala miliyan daya da rabi, a gida kuwa dubu dari da 'yan kai. Brittney Griner ma hanyar wannan ci-ranin take aka kama ta a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022, ta kwashe kusan wata goma a tsare.

Clark din da kika ambata, wasan karshe na jami'o'i da ta buga a 2024 mutum sama da miliyan 18 suka kalla, ya zarce na maza. A shekarar WNBA ta kulla yarjejeniyar talabijin ta kusan dala biliyan 2.2 ta shekara 11, aka kuma fara daukar wa 'yan wasa shatar jirgi. Amma ita kanta albashinta na shekarar farko dala dubu 76 ne da 'yan kai, tallan kamfanoni ne ke kawo mata kudin gaske. Wadda ta jagoranci kungiyar 'yan wasan wajen fafutukar karin albashi, Nneka Ogwumike, iyayenta 'yan Najeriya ne.

In kuma na gida kike son bi, D'Tigress, tawagar matan Najeriya, sun dauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris a 2024, karkashin koci Rena Wakama, su ne tawagar kwallon kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai kwata-final a Olamfik.