Kuɗin gaba na shekara biyu: yadda ake kama haya a zangunan Gana

Malam, ka tambaya ko da gaske ne a Gana sai mutum ya zube hayar shekara biyu kafin a miƙa masa makulli. Haka ake yi, amma doka ba ta yarda ba. Dokar haya ta 1963, mai lamba 220, ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba. In hayar wata-wata ce, wata ɗaya tak. Sai dai ɗaki ya yi wuya a zanguna, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi, irin su Nima da Mamobi a Akara, haka ma Aboabo a Kumasi. Ka tsaya ja-in-ja kan wata shida, kafin la'asar wani ya biya.

Tunda kuɗin da yawa, takarda ce garkuwarka. A rubuta sunanka da na mai gida, wane ɗaki ne, nawa ne a wata, ranar shiga da ranar ƙarewa, da wanda gyara ke kansa in rufi ya yi yoyo. Ku sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. In hayar wata-wata ce, doka ta kuma wajabta masa ya ba ka katin haya, mai ɗauke da sunayenku da kuɗin hayar, cikin kwana bakwai da shigarka. Ko ta waya ka tura kuɗi, karɓi rasit.

Inda mutanenmu suka fi ƙonewa shi ne gidan gado. Yawancin tsofaffin gidajen zango na magada ne da dama. Ka biya ɗaya, bayan wata uku ƙanensa ya zo ya ce ɗakin rabonsa ne, bai ga ko sisi ba. Kafin ka fitar da kuɗi, tambayi dattawan layi wa dangi suka ɗora kan karɓar haya, sunansa ne zai hau takarda.

Sai wuta. A gida mai mita ɗaya, ƙidaya ake yi: ƙwan lantarki maki kaza, fanka kaza, firji kaza, a raba kuɗin bisa makin kowa. A rubuta wannan ma, a kuma duba ko akwai bayan gida a ciki ko na kuɗi ake zuwa a waje.

Saukar baƙo al'adarmu ce, ba mai hana ka. Amma in hayar wata-wata ce, ka sa wani a ɗakin kana karɓar kuɗinsa ba da rubutaccen izinin mai gida ba, ka karya doka.

Shi ma mai gida ba shi da ikon cire ƙofa, yaye kwano ko watso kayanka waje, ko da bashi yake bin ka. Sai da umarnin kotu. In wata guda ya wuce bayan ranar biya ba ka biya ba, ya sami hujjar kai ka. Mu a nan, rigima kan fara zuwa gaban liman ko Sarkin Zango. In ta ƙi sulhu, sai ofishin Rent Control, wato hukumar gwamnati mai kula da harkar haya, daga can kotun majistare, kuma abin da za su fara tambaya shi ne takarda da rasit.