Tuba, Nadama da Shiri: Amsar Tambayoyi Gabanin Kirsimeti

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan ta rubuto cewa tunda aka shiga makonni huɗun da ke gaban Kirsimeti, babu Lahadin da fastonsu bai ce "ku tuba" ba. Sai ta tambaya: "Malam, ni kullum ina nadamar laifina har da hawaye. Wannan ba shi ne tuba ba?"

'Yar'uwa, kalmomin biyu maƙwabta ne, amma ba gida ɗaya suke ba. Dukansu daga Larabci muka aro su. Nadama ciwon zuciya ce a kan abin da ya riga ya wuce, ita ce Bahaushe ke kira da-na-sani, ya kuma ce ƙeya ce, a baya take. Tuba kuwa asalinsa komowa ne, wato mutum ya kama hanyar da ba ita ba, ya tsaya, ya juyo. A Ibrananci, harshen yawancin Tsohon Alkawari, annabawa da kalmar "shub" suke kiran mutane, ita ma ma'anarta komowa. A Helenanci na Sabon Alkawari kuma "metanoya" ake cewa, wato sauya tunani.

Ki dubi Yahuza Iskariyoti, almajirin da ya ci amanar Yesu, a Littafin Matiyu sura 27. Ya yi nadama ƙwarai, har ya mayar da azurfa 30 ɗin da aka ba shi, amma bai komo wurin Ubangijinsa ba. Ɗan nan na Luka sura 15 da ya ɓarnatar da gādonsa, da yunwa ta ci shi a wurin kiwon aladu, bai zauna yana cizon yatsa ba, ya tashi ya nufi gidan ubansa. Hawayenki abu ne mai daraja, ban raina su ba. Abin da nake roƙo shi ne ƙafa ta bi bayansu.

Nan ne kuma maganar "tuban muzuru" ta shigo, wadda wani matashi daga Jos ya nemi bayaninta. Muzuru in an ritsa shi a akurki sai ya lafe, ya sunkuyar da kai kamar na Allah, gobe da dare ya dawo wa kaji. Duk tuban da bai canja hali ba, sunansa ke nan. Yohanna Mai Baftisma, mai wa'azin da ya share wa Yesu hanya, wanda ake yawan karanta wa'azinsa a wannan lokaci, bai yarda da irinsa ba. A Luka sura 3, da jama'a suka tambaye shi me za su yi, ya ce mai riga biyu ya ba wanda ba shi da ita, mai karɓar haraji kada ya ƙara a kan abin da aka yanka, soja ya daina ƙwace, albashinsa ya ishe shi.

Tambayar da ta fi taɓa ni daga wani dattijo a Wusasa ta zo: me ake nufi da "shirin Kirsimeti"? Baba, Hausa ta yi mana alheri a nan, domin "shiri" fuska biyu gare shi. Akwai shirin da kowa ke gani: tela na kwana kan keke saboda ankon zumuntar mata, an ɗaure akuya a tsakar gida, mawaƙa na bita da yamma cikin sanyin hunturu. Akwai kuma shirin da muke nufi in mun ce "ba sa shiri", ko "sun shirya". Wannan sulhu ne. Matiyu 5:23-24 ya ce in ka kawo baikonka gaban bagade, wato wurin miƙa hadaya, ka tuna ɗan'uwanka na riƙe da kai a zuciya, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna.

Na san wasu mata biyu, matan wa da ƙane, da suka shekara ba sa ga-maciji saboda rancen kwanon gero. Ana saura kwana uku Kirsimeti, babbar ta ɗauki tulunta ta bi ƙaramar rijiya, ta ce, "Ƙanwata, na yi miki laifi, ki yafe mini." Ranar 25 ga Disamba a tukunya ɗaya suka dafa shinkafa.