Na'urar lura da iskar taya: wacce zan saya?

Tambaya: Malam, motata ba ta da na'urar da ke nuna iskar taya. Na ga ana sayar da iri biyu, ta ɗaurawa a kan bawul da ta sakawa cikin taya. Motar yayana kuwa fitila kawai take kunnawa, ba ta nuna lamba. Wacce ta fi?

Amsa: Malam, da alama motar yayanka ba ta auna iska kai tsaye. Da sensar birkin ABS (tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki), mai auna saurin juyawar kowace taya, take aiki: tayar da iskarta ta ragu tana ɗan ƙanƙancewa, sai ta riƙa juyawa da sauri fiye da 'yan'uwanta, kwamfutar mota ta lura ta kunna fitila. Ba batir a taya, ba abin da zai lalace a hannun mai faci. Amma sai mota na tafiya take ganewa, kuma duk sanda aka ƙara iska ko aka sauya wa tayoyi wuri dole a sake saita ta. Irin wannan daga kamfani take zuwa.

Biyun da ka gani duk kai tsaye suke auna iska, su aika lambar kowace taya zuwa allon da ke gabanka. Ta cikin taya ta fi daidai, ɓarawo ba ya ganin ta, batirinta kan yi shekara 5 zuwa 10. Sai dai a manne yake, in ya mutu sensar gaba ɗaya za a canja, kuma sai an cire taya daga wili. In lokacin sayen sababbin tayoyi ya yi, ita nake ba ka shawara, a saka su tare, ka kuma ja kunnen mai faci kada ƙarfensa ya fasa ta.

In tayoyinka da sauransu, ɗauki ta kan bawul. Da hannunka za ka ɗaura, batirin ma kai za ka canja. Ka tabbata tana da ƙaramin noti na kullewa, ka riƙa duba bawul ɗin roba, domin nauyinta kan gajiyar da shi.

Abu ɗaya ke damuna da masu dogara da fitila kaɗai. A Amurka, inda aka wajabta na'urar a sababbin motoci tun 2007, doka ta ce ta yi gargaɗi idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Kafin a kai nan, taya ta riga ta fara zafi da cinyewa, mai ma yana ƙara tafiya. Saboda haka ka ajiye geji a mota, ka auna sau ɗaya a wata da safe kafin ka tashi, ka bi lambar da ke jikin ƙofar direba.