Watan da Hindu ke ƙarawa a kalandarsu

Ɗan'uwa, ka ce abokin aikinka Ba'indiye ya ɗage bikinsa wai an shiga "ƙarin wata", kana tambaya ko da gaske ne. Wallahi da gaske yake, sunan watan Adhik Maas, wasu na cewa Purushottam Maas.

Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, kaga tazarar kwana 11 kenan duk shekara, mu a Hijira ba a cike gibin shi ya sa azumi ke zagayawa daga zafi zuwa sanyi zuwa damina, su kuma sai su ƙara wata guda kusan bayan wata 32 da rabi don bukukuwansu kar su bar lokacinsu. A 2023 watansu da suke kira Shravan ne ya zo sau biyu.

Ƙarin watan nan na Vishnu ne a wajensu, ɗaya daga cikin manyan ababen bautarsu, a cikinsa suke ta azumi, sadaka, karatun littattafan addini, wanka a koguna irin su Ganga. Amma aure ko tarewa sabon gida, a'a sai ya wuce. A Rajgir ta jihar Bihar har babban taro ake yi.

Kar ka ɗauka kowace shekara uku cif yake zuwa, lissafin taurari ne. Ranar bikin kuma malamin addininsu ne zai duba musu, abokin naka za ka tambaya kawai kafin ka sayi tikiti.