Katin bashi na kaina ko na kasuwanci: wanne zan fara nema?

Tambaya: Ina aikin albashi, kuma ina da ƙaramin kasuwanci da na yi wa rajista bara. Ina so in nemi katin bashi, amma na rasa da wanda zan fara, na kaina ko na kasuwancin. Me zan duba, kuma me ke sa banki ya hana mutum?

Amsa: Malam, kafin ka kalli kowane kati, ka fara tambayar kanka: duk abin da ka kashe za ka riƙa biya a ƙarshen wata, ko za ka riƙa barin saura? Amsar nan ce za ta zaɓa maka kati.

Katin cire kuɗi na yau da kullum, daga kuɗin da ke asusunka yake ɗiba. Na bashi kuwa, banki ne ke biya a madadinka har zuwa wata iyaka, ka biya shi daga baya. Tambarin Visa ko Mastercard da ke jikin katin hanyar biya ce kawai. Bankin da ya ba ka shi ne ke yanke kuɗin ruwa da sauran caji, don haka takardar sharuɗɗansa ce abin karantawa.

In kana biya gaba ɗaya kafin ranar da aka sa maka, yawancin katuna ba sa ɗora ruwa a kan sayayya. Mai irin wannan hali kuɗin shekara zai duba, wato abin da banki ke karɓa duk shekara don riƙe katin, ya auna shi da garaɓasar katin. Misali, katin da ke mayar maka da kashi 2 cikin ɗari amma yana karɓar 100 a shekara, sai ka kashe 5,000 kafin ka fanshe kuɗin shekarar kaɗai.

In kuwa za ka riƙa barin saura, ka manta da garaɓasa, ka nemi mafi ƙarancin ruwa. A nan mutane suka fi faɗawa rami. A ce ana bin ka 1,000, ruwan kuma kashi 24 cikin ɗari ne a shekara. Kowane wata kusan 20 ke hawa. Idan mafi ƙarancin biyan da banki ya yarda da shi 30 ne, kuma shi kaɗai kake bayarwa, 10 kacal ke fita daga uwar kuɗin. Bugu da ƙari, da zarar ka bar saura, sabuwar sayayya ma yawanci daga ranar da ka yi ta ruwa ke fara hawa kanta. Cire tsabar kuɗi a na'urar ATM da katin bashi ya fi wannan muni: akwai cajin cirewa, kuma babu rangwamen ko kwana ɗaya kafin ruwa ya fara hawa. Mai sayayya da kuɗin wata ƙasa kuma ya duba cajin canji, wanda a katuna da yawa yakan kai kashi 3 cikin ɗari.

Wanda ke gudun riba ya tambayi bankunan Musulunci. Akwai masu ba da kati a kan tsayayyen lada na hidima maimakon ruwa, amma shi ma a karanta abin da ke faruwa idan aka makara biya.

Yanzu na kasuwanci. Amfaninsa a fili yake: kuɗin gida ba ya cakuɗa da na kasuwa, lissafin haraji ya yi sauƙi, kuma kana iya ba ma'aikata nasu katunan, kowa da iyakarsa. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, ga ƙaramin kasuwanci, kusan kullum banki zai sa ka sa hannu cewa kai ne ka tsaya wa bashin. Ko kasuwancin ya durƙushe, kai za a bi. Kariyar doka ma ba lallai ta zama ɗaya ba. A Amurka, dokar katin bashi ta 2009 ta wajabta a ba mai katin kansa aƙalla kwana 21 tsakanin aiko masa da lissafi da ranar biya, amma ba ta shafi katunan kasuwanci ba.

Tunda kasuwancinka shekara guda kawai ya yi, tarihin biyan bashinka na kanka banki zai duba. Shawararmu ita ce ka fara da na kanka, ka yi watanni kana biya a kan lokaci, sannan ka nemi na kasuwancin.

Wajen nema, ka fara karɓo rahoton tarihin bashinka daga kamfanonin da ke tattara shi, irin su Experian, Equifax da TransUnion a ƙasashen da suke aiki, ka gyara kuskure in akwai. Ka tanadi katin shaida, shaidar adireshi, takardar albashi da bayanin asusu na watannin baya. Na kasuwanci zai ƙara da takardar rajista, lambar haraji da adadin cinikin shekara. Gaskiyar abin da kake samu za ka rubuta, domin ƙari a nan zamba ce a idon doka.

Abubuwan da suka fi jawo a hana mutum su ne makara wajen biyan bashin baya, bashi mai yawa a kan abin da ake samu, rashin tarihi kwata-kwata, da neman katuna da yawa a lokaci guda. Kowane nema yakan bar alama a rahotonka, yawansu kuma na nuna wa banki kamar kana cikin matsi. In an hana ka, ka nemi dalili, ka gyara, ka jira 'yan watanni. Marar tarihi ya fara da katin jingina: zai ajiye wani adadi a banki, a ba shi iyaka daidai da shi.

Idan katin ya zo, ka yi ƙoƙari kada abin da ake bin ka ya wuce kashi 30 cikin ɗari na iyakar, kuma tun ranar farko ka umarci bankinka ya riƙa cire cikakken lissafin wata daga asusunka kai tsaye, ba mafi ƙarancin biya ba.