Gashin Balbela da Gubar Dalma

Tambaya: Malam, wai da gaske ne ana gano gubar muhalli ta gashin tsuntsaye? Mai karatu, Sabon Zango, Accra.

Amsa: Gaskiya ne. Balbela da zalɓen da ke kiwo a bakin tafkin Korle, kusa da Agbogbloshie inda aka daɗe ana ƙona wayoyin lantarki kafin rushe wurin a 2021, suna iya ɗaukar dalma da zaiba daga kwari da kifin da suke ci. Lokacin da gashi ke tsirowa, jini yana zuba ƙarafan a cikinsa, musamman zaiba, don haka ana iya auna su a gashin, ba sai an kashe tsuntsun ba. Sai dai dole a wanke gashin sosai, domin ƙurar da ta manne masa takan ɓata awo. A ganina gashin ɗan tsuntsu a sheƙa ya fi aminci, tunda bai taɓa barin unguwar ba.